Muryar da Na Sauko wa Baba da Ita

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bibiyar labarina. Yau ku gyara zama. Waɗanda suka yi wa saurayina Abdulsalam wankin babban bargo a ƙarƙashin rubutuna na baya, har da mai cewa in goge lambarsa in huta, ku tanadi haƙurin da za ku ba shi. Ni ce a gaban layi.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Ni'ima, shekarata ashirin da shida, haifaffiyar Ƙofar Dumi a nan Bauchi. Kimiyyar kwamfuta na karanta, ina aiki a wani babban kantin magani a Wunti, ni ke kula da kwamfutocinsu. Mahaifiyata ta rasu shekara shida ke nan. Yayyena maza biyu suna can Gombe da Kaduna da iyalansu. Daga ni sai Baba a gidan.

Baba tsohon malamin makaranta ne. Shekara goma sha tara ya yi yana rubuta littafi a kan masu sana'ar unguwarmu: maƙera, dukawa, masu ɗinkin hula, wa ya koya wa wa, daga ina kakanninsu suka taso. Ni na buga masa shi a kwamfuta, shafi ɗari uku da arba'in. Gyara kaɗai ya rage, sai hawan jinin ido ya cinye ganinsa, a hankali a hankali, har ya zamana haske da duhu kawai yake bambancewa.

Sai na zama idonsa. Kullum in na dawo aiki, bayan La'asar, in shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa in yi ta karanta masa, yana tsayar da ni.

"Dakata. Ba Buba ne ya ƙera wannan ƙofar ba, ƙanensa ne. Gyara."

Wallahi ban taɓa jin nauyin abin ba. Amma Goggo A'i, ƙanwar Baba da ke aure a Tirwun, ita ta ji mini. Wata ranar Asabar tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ɗaga murya kamar da kaji take magana:

"Yarinya ta zama tabaran ubanta, wane namiji zai tsaya jiranta? Sa'o'inta duk suna ɗakunansu da 'ya'ya bibbiyu, ita tana nan tana karatun maƙera!"

Tagar Baba a buɗe take. Washegari na ɗauko laftof na zauna, sai ya ce, "Bar shi, Ni'ima. Littafin nan ba wahayi ba ne. Je ki huta."

Daga ranar bai ƙara yarda na karanta masa ba. Ya koma zama da rediyo a kunne, abinci sai ya taɓa ya ture. Ina kallo rigunansa suka fara yi masa yawa.

Shi ne na shiga neman abin da zai karanta masa ba sai da ni ba. Na samo wata manhaja da ke karanta wa makafi rubutu da murya. Kyauta ce, kuma ta kowa ce: masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suke gina ta, duk wanda ya iya zai buɗe cikinta ya duba, ya gyara. Na ga an ce tana jin Hausa, na yi ta murna. Ashe Hausar tata irin ta Baturen da ya cusa ƙosai mai zafi a baki ce. Mafi muni, duk harafin da ke da lanƙwasa tsallake shi take yi. Ƙofar Dumi ta koma "Ofar Dumi". Maƙera suka zama "maera".

Baba ya yi dariya har da tari. Sai kuma ya juya fuskarsa bango.

"Kashe ta. Kada ta ɓata wa bayin Allah suna."

A makon ne Abdulsalam ya zo zance. Malamin Hausa ne a wata sakandare, dogo, ba shi da hayaniya, in yana magana kamar yana auna kowace kalma da mudu. Shekara guda muna tare. Muna zaure, yana kan benci ina kan kujera 'yar tsugunne, ya ce yana so ya turo manyansa.

Na daɗe ina wasa da bakin mayafina kafin na ce, "Malam, ba ƙin ka nake ba, Allah ya sani. Amma in na tafi, wa zai karanta wa Baba? Ko yanzu da ya hana ni, ina sa ran zai sauko. In na bar gidan, littafin ya mutu ke nan, kuma ina tsoron kada ya tafi da mai shi."

Na ba shi labarin manhajar, har na kunna masa "Ofar Dumi" don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya tambaye ni sunanta, ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa, ya yi mini sallama ya hau babur ɗinsa.

Tun daga ranar, ɗif. Mutumin da ke kira na safe da yamma ya koma sai saƙo. In na kira, ya katse ya rubuto:

"Ki yi haƙuri, maƙogwarona ne, ina lallaɓa shi."

Mako ɗaya, biyu, biyar. Wane irin maƙogwaro ne wannan, jama'a? Zuwa zance ma ya ɗauke ƙafa, wai ayyuka sun yi masa yawa. Ran da abin ya kai ni maƙura na rubuta masa:

"In ka gaji da ni ka fito fili ka faɗa, ba sai ka laɓe a bayan maƙogwaro ba."

Sai can da yamma ya amsa: "Ban gaji ba, Ni'ima. Ki ƙara mini haƙuri kaɗan."

Ko amsa ban ba shi ba. Wannan ne labarin da na kawo muku wancan karon kuka taya ni faɗa.

To, tun lokacin da manhajar ta ba mu kunya na shiga shafin masu gina ta na rubuta ƙorafi, na ma manta. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce ina wurin aiki sai ga amsa daga wata mata cikin jagororinsu. Ta ce an gyara matsalar haruffan, kuma wani mai sa kai ya ba da sabuwar muryar Hausa. Sai dai ba a saki wannan gyaran ga jama'a ba tukuna, sai nan da wata huɗu. In ba zan iya jira ba, in sauko da wanda ake kan aikinsa ta hanyar git, amma in sani ɗanye ne, zai iya yin tuntuɓe.

Bari in fassara muku, don na san wasunku sun fara hamma. Ku ɗauka shagon tela ne. Rigunan da aka rataye a gaba, an goge an ninke, su ne manhajar da kowa ke saukewa da danna maɓalli ɗaya. Amma a can ciki akwai wadda ke kan keke, ba a gama kashe mata zare ba. Shi git kamar rumbun shagon ne: yana ajiye aikin gaba ɗaya, da tarihin kowane ɗinki, wa ya yi shi, yaushe. In ka san hanya, sai ka kwafo rumbun dungurungum zuwa kwamfutarka, ka ɗauki rigar da ke kan keken ka sa a haka.

Wata huɗu? Na dubi yadda wuyan Baba ya rame, na ce ba da ni ba.

Ranar Juma'a na gwada a gida da datar wayata. Na hau matakalar bene inda sabis ya fi kamawa, laftof a cinya, na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, na rubuta git clone, na liƙa adireshin rumbun, na danna. Lambobi suka fara hawa. Kashi goma, ashirin, arba'in da ɗaya, sai sabis ya ɗauke. Abin haushin, shi wannan saukewar in ta yanke ba ta ci gaba daga inda ta tsaya, sai dai a koma farko. Na sake. Ta kai saba'in da takwas, ina ta salati a zuci, ta sake yankewa. A karo na uku data ta ce ga garinku.

Asabar da safe na shirya zuwa wurin Patience, ƙawata tun muna makaranta, wadda ke da shagon kwamfuta a Wunti mai intanet mai ƙarfi. Na sa atamfata ruwan ganye mai zanen fulawa, na yafa farin mayafi, ina saka laftof a jaka sai ga sallamar Goggo A'i, da kwanon masa da miyar taushe a hannu.

"Ina zuwa kuma da sassafe?"

"Wunti, Goggo. Wani abu zan sauko wa Baba da shi."

"Daga bishiya?" Ta ajiye kwanon ta zaro wayarta. "Zo ki gani. Muktar ke nan, ɗan aminiyata, shagon tayil gare shi a hanyar Jos. Dubi kafaɗa. Shi wancan malamin naki mai babur, wata biyu ko ƙeyarsa ban gani ba. Namijin da ke so ba ya ɓuya, 'yar nan."

Maganar ta soke ni, don ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan. Na ce, "Goggo, sai na dawo," na ɗauki masa biyu na fice na tari keke.

Patience 'yar Bogoro ce, amma a Bauchi ta tashi. Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai har gobe ba ta raba "ka" da "ki". Tana ganina ta washe baki.

"Ni'ima! Ka ɓuya. Me ya kawo ka?"

Na gaya mata. Ina ambatar sunan manhajar na ga ta yi wani irin murmushi, ta juya tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ban kawo komai a raina ba.

Da farko na kwafe littafin Baba a filashi biyu, don ba a wasa da ɗanyen aiki kusa da wahalar shekara goma sha tara. Sannan na jona da intanet ɗinta na sake rubuta umarnin. Wannan karon lambobin gudu suke. Arba'in da ɗaya ta wuce. Da ta zo saba'in da takwas na rufe ido.

"Buɗe idonka, matsoraci," in ji Patience. "Ya kai ɗari."

Na koma kan reshen gwaji, wato inda sabon aikin yake, na ba da umarnin a harhaɗa manhajar. Sai ga jan rubutu ya cika allo. Muka sa kai muna karantawa layi-layi, ashe wani ƙaramin abu ne take nema da babu shi a kwamfutata. Muka sauko da shi, na sake. Fankar laftof ta yi ta huci kusan minti ashirin, sannan ta yi shiru. Babu ja ko ɗaya.

Na zaro abin sauraro zan sa a kunne in gwada, caraf Patience ta fizge.

"A'a. Je ka gida. Baba ya fara ji."

"Ke, in kuma ba ta yi ba fa? In sake ba shi kunya?"

"Zai yi. Na ce maka zai yi." Ta rufe laftof ɗin da hannunta, ta tura ni waje har da tsayar mini da keke.

Na iso bayan Azahar. Baba na kan kujerarsa a ƙarƙashin rumfa, farar jallabiya, carbi a hannu. Goggo na gefe tana yankan kuɓewa.

Na durƙusa. "Baba, don Allah ka ba ni minti biyu. An gyara abin nan."

"Mai cin haruffa?"

"Ta ƙoshi yanzu, Baba."

Ya ɗan murmusa. "To, bismillah."

Na buɗe shafin farko, na danna.

"A Ƙofar Dumi, kafin ladan ya sauko, guduma ta riga ta farka. Duk yaron da aka haifa a lungun maƙera, da ƙarar uwar maƙera ake yi masa reno..."

Jama'a, ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Ba don ƙa da ɗa sun fito raɗau ba, ko da yake sun fito. Muryar ce. Wannan nutsuwar, wannan ɗan jan numfashi kafin doguwar kalma. Ko cikin kasuwar Wunti ranar jajibirin Sallah na ji ta, zan waiwaya.

Wuƙar Goggo ta tsaya cak. "La ilaha illallahu! Wannan ai yaron nan ne mai babur! Ya aka yi ya shiga ciki?"

Baba ya sunkuyar da kai, carbin ya daina motsi. Muryar ta ci gaba, shafi ɗaya, biyu. Na ga hawaye ya gangaro ya shige gemunsa. Can sai ya ɗaga hannu.

"Dakata. Koma baya kaɗan."

Na mayar.

"Nan. Na ce shekara bakwai maƙerin nan ya yi a Ningi. Tara ne. Kuskurena ne, ba nasa ba. Gyara, Ni'ima."

Wata uku rabon da in ji kalmar nan daga bakinsa. Na gyara ina share hanci da mayafi. Na kama yatsansa na ɗora a kan dogon maɓallin ƙasa, na nuna masa: nan tsayawa, nan ci gaba, wannan komawa baya. Sau biyu ya gwada ya iya. Ɗanyen aiki dai bai fasa halinsa ba, in ta zo kan shekara sai ta karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya kamar lambar waya, sau ɗaya kuma ta tsaya cik sai da na sake kunna ta. Baba ya ce, "Ba komai. Wanda ya yi maka rakiya har bakin kogi, ba ka ce masa don me bai kawo jirgi ba."

Na shige ɗaki na buɗe tarihin rumbun, wanda ya sauko tare da komai. Ga sunaye nan rututu, wasu ko furta su ban iya ba, mutanen da ba su san Bauchi ba balle Baba, sun ba da lokacinsu kyauta. Allah ya saka musu. A tsakiyarsu kuma, sau da yawa: an ƙara jimlolin Hausa ɗari uku, muryar Abdulsalam Babayo. An ƙara ɗari huɗu. An sake naɗar guda tamanin da hayaniya ta ɓata. Kowanne da kwanan wata. Na ɗauko wayata na duba ranar da na tura masa saƙon "in ka gaji da ni". A ranar, jimla ɗari uku da hamsin ya naɗa.

Na kira Patience. Tana ɗauka ta fashe da dariya.

Na ce, "Munafuka! Kin sani!"

"Ni na jera masa katifu a ɗakin bayan shagona don kada ƙarar keke ya shiga. Kullum in ya tashi makaranta, awa uku yana karanta jimloli, har sun haura dubu shida. Ga koyarwa da safe. Muryansa ya mutu sau biyu, da zuma da citta muka tashe shi. Ya ce kada in faɗa maka, wai in abin bai yi ba kada ka sa rai a banza."

Na zauna a bakin gado. Na rubuta saƙo na goge ya fi sau biyar. Daga ƙarshe na tura: "Malam, na ji ka a gidanmu yau. Ka yafe mini."

Ko minti ɗaya ba a yi ba wayar ta yi ƙara. Kira, ba saƙo ba.

"Ni'ima." Muryar a dishe take har yanzu, kamar an goge ta da yashi. "Baba ya ji? Ta karanta daidai?"

Ka ji mutum. Ba ma ta kaina yake ba.

"Ya ji. Har ya fara gyara." Kuka ya ƙwace mini. "Me ya sa ba ka gaya mini ba? Na zage ka a zuciyata, na zage ka a wurin mutane..."

"Na ga wasu daga ciki," ya ce, ina jin murmushinsa. "Wata ta ce kaina kamar tulu. Ban san ta taɓa ganina ba."

Dariya da kuka suka haɗe mini. Na ce, "Ban san da bakin da zan gode maka ba."

"Ki gode wa Allah. Ni karatu kawai na yi, shi ne sana'ata. Ke kika sauko da shi."

Kwana uku ke nan yanzu. Baba ya wuce shafi arba'in. In zan tafi aiki in kunna masa, in na dawo in tarar ya haddace gyare-gyarensa yana jira in shigar. Jiya da kansa ya ce a ƙaro masa tuwo. Na rubuta wa masu manhajar godiya, na kuma gaya musu matsalar lambobi, matar nan ta ce in na iya in gwada gyarawa da kaina in turo. Na fara dubawa. Wataƙila wata rana ku ga Ni'ima Auwalu a cikin jerin sunayen nan.

Ni kuwa ku tausaya mini. Ina wanke-wanke, ina shara, muryar Abdulsalam na tashi a tsakar gidanmu daga safe har yamma, a gaban mahaifina, ni kuma dole in ɗaure fuska kamar labaran rediyo nake ji.

Goggo A'i ba ta koma Tirwun ba, wai tana so ta ji ƙarshen babin dukawa. Ta ce mini, "Murya dai ba ita ce miji ba." Amma ban sake ganin hoton mai tayil ba, kuma da Baba ya ce in gaya wa Abdulsalam yana son ganinsa yau Talata bayan La'asar, ita ta aika aka sayo kaji biyu.

Na sa leshina ruwan zuma, na ɗaura ɗankwali sau uku ina kwancewa. Ina kicin ina jera kofuna a faranti, manhajar na karanta wa Baba labarin wani baduku, sai na ji tsayuwar babur a waje. Aka yi sallama daga zaure. Murya ɗaya, daga wuri biyu. Goggo ta toshe baki da gefen zaninta.

Baba ya lalubi dogon maɓallin ya danna. Gidan ya yi tsit.

"Wa alaikumus salam. Shigo, Malam."

Na leƙa ta jikin labule. Ya cire takalmi tun daga bakin zaure, farar shadda, hula zanna, ya zo ya durƙusa a gaban Baba, kansa a ƙasa. Baba ya miƙa hannu yana lalube har ya sami nasa, ya riƙe da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

"Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifanka," ya ce. "Kwana uku ina jin ka kana faɗin maganata, ba ka ƙara ba, ba ka rage ba."

Na ƙara leƙawa, farantin kofuna a hannuna. Goggo ta karɓe shi, ta zungure ni da gwiwar hannu in natsu.

Baba ya gyara zama, ya juyo da fuskarsa daidai inda Abdulsalam yake.

"To, yanzu taka nake so in ji. Me ke tafe da kai, ɗana?"